Rinin Gilashin Afra'u

Duk wanda ya san layin masu garin rini a kasuwar Adjamé ya san Alhaji Mijinyawa, in bai san shi da suna ba to ya san shi da gardama. Mutumin Kura ne, ɗan marina jikan marina, ya fara dama karofi tun muciyar ta fi shi tsawo. Goro ya kawo shi Abidjan yana saurayi, goron ya ƙi shi, sai ya koma wa gadonsa ta wata ƙofa: yana shigo da garin rini ta tashar jiragen ruwa, yana sayar wa matan da ke rina shadda. Ya haura shekara talatin bai tsoma zane da hannunsa ba, amma har gobe in mace ta kawo masa ƙyalle ta ce launi ya ƙi kamawa, sai ya shinshina, ya murza, ya gaya mata inda ta yi ganganci. Ba ya kuma rage murya don abokan sana'arta suna ji.

Abu ɗaya ne a duniya Alhaji ba ya gardama a kansa, shi ne karatun 'yarsa Afra'u, don bai san ta inda zai kama shi ba. A Adjamé Saint-Michel aka haife ta, Faransanci ya fi zama a bakinta, Hausarta kuwa sai ta tsaya ta lalubo. Ta yi nisa a ilimin haɗa sinadarai har tana neman digirin dakta. In maƙwabtansa na kasuwa suka tambaye shi me take karantawa, sai ya gyara hula ya ce, “Abu ne mai zurfi,” ya shiga auna wa wata gari. Yana sonta so mai tsanani, yana kuma jin nauyin ta gane bai san komai ba a kan abin da ta ba rayuwarta.

Shekarar 2011 ta zo wa Abidjan da mummunan rikicin bayan zaɓe. Da ƙura ta lafa aka rufe jami'a, kuma duk abin da Afra'u ta tara na aikin shekara biyu ya salwanta a rikicin. Wata mata mai suna Madam Akisi, mai ɗakin gwajin koko da kashu na masu fitar da kaya a Treichville, ita ta ji tausayinta ta ba ta aron teburi ɗaya a lungu. Malamin da ke duba aikinta zai tashi zuwa Turai ranar Juma'a, ba zai dawo ba sai baɗi, kuma can ne kawai ake da na'urar da za ta auna abin da take yi. Ya ce ta kawo masa gilasai shida masu kyau, irin waɗanda take gwajinta a kansu, kafin ya tafi. In sun samu za ta kare digirinta, in ba su samu ba ta ce ta gaji, za ta ajiye karatun ta nemi aiki a kantin magani. Ranar Talata ta yi, ko ɗaya ba ta samu ba.

Ranar Laraba da safe Hajiya Balaraba, uwarta, ta ɗaure kwanon acake, wato dambun rogo, da soyayyen kifi a ɗankwali ta dangwarar gaban mijinta.

“Tunda ka ce za ka tasha ganin kayanka, ka biya ka kai mata. Kwana uku ke nan ba abin da ke shiga cikinta sai kofi.”

“Ni zan shiga wurin aikinsu da kwano?”

“Kai ne ubanta, Alhaji. In ka ce ta ci, za ta ci.”

Ya yi 'yan ƙunƙuni don kada a ce bai yi ba, ya ɗauki kwanon. Gaskiyar magana ya daɗe yana son ganin wurin, dalili ne bai samu ba. Ya hau woro-woro, motar haya ta haɗin gwiwa, ya tsallaka gada da kwano a cinya, ya sauka kusa da rumbunan tashar jiragen ruwa inda warin koko ke tare mutum tun daga titi.

Ya same ta cikin farar riga, da safar roba a hannu, idanunta sun faɗa. Ta yi mamakin ganinsa, ta rusuna ta gaishe shi, ta jawo masa kujera nesa da teburin. Alhaji bai zauna ba. Wani wari mai yaji ya bugi hancinsa, irin wanda rabonsa da shi tun bakin karofi, sai ƙafafunsa suka kai shi gaban teburin da kansu. Ga wani kofin gilashi babba a kan murhun lantarki, ga 'yan fallayen gilashi masu tsawon yatsa an jingina su a ciki. A gefe kuma ga tiren da ta zube waɗanda suka lalace, sun fi arba'in, duk sun yi dabbare-dabbare da rawaya.

“Gaya mini abin da kike yi,” ya ce. “Da Hausa.”

Ta yi murmushin gajiya ta fara lalube. “Ka ga wannan farin garin, Baba? Tiyure sunansa. Akwai farar wuta a cikinsa, amma ba ya sakinta sai ya ji ɗumi da amoniyak, wannan mai warin. Kuma kaɗan-kaɗan yake saki, shi ya sa muke sonsa. Ruwan cikin kofin kuma da kadmiyom a ciki, wani ƙarfe ne da aka narkar. In suka haɗu sai su zama rawaya, su kwanta a jikin gilashin. Shimfiɗar siririya ce ƙwarai, sai ka jera ɗaruruwanta kafin ka kai kaurin gashi ɗaya. Irinta ake sa wa a allon da ke kama hasken rana ya ba da wuta. Ni so nake ta kwanta sumul, ta yi kauri, ta kama. Amma dubi.” Ta ɗauki ɗaya daga tiren ta goga da auduga, rawayar ta biyo audugar.

Alhaji ya dube ta, ya dubi kofin, ya sake dubanta.

“Wato rini kike yi.”

“Ba rini ba ne, Baba, c'est de la chimie, ilimin sinadarai ne.”

“Shekara tara ina gaya wa mutane abu ne mai zurfi, ashe rini ne.”

Ta yi dariya, karon farko a makon. Sannan ta narkar da farin garin, ta tsiyaya a kofin, ta duba agogo ta rubuta. Alhaji ya matso. Ruwan ya fara garau, can sai ya ɗauki wani launi mai haske, daga nan ya shiga yin rawaya a hankali. Zuciyarsa ta yi fari. Duk ɗakin nan da kwalabensa da rubutun da ba ya iya karantawa, ga abu ɗaya da ya sani. To a gidansu ba a sanin lafiyar ruwan rini da ido kawai. Ubansa yakan tsoma yatsa ya murza ya ji santsinsa, ya ɗan taɓa a harshe, haka kakansa, haka shi ma. Bai yi shawara da kowa ba, ko da kansa. Hannun ne kawai ya tafi.

“Non, Baba!”

Ƙarar bugun ta cika ɗakin. Da bayan hannunta ta make nasa, da ƙarfi, har agogonsa ya juya. Madam Akisi da ke auna koko a ɗaya teburin ta ɗago kai, ta yi sauri ta mayar.

Afra'u ta tsaya da hannu a sama. “Guba ce, Baba. Kadmiyom guba ne, yana lalata ƙoda, ba ya fita daga jiki. Pardon, ban...” Hausar ta ƙare mata, Faransancin ma ya ƙi zuwa.

Alhaji ya gyara agogonsa. Tun da uwarsa ta haife shi, in ka cire ubansa da malamin allo, ba wanda ya taɓa bugunsa, yau ga 'yar cikinsa ta yi, a gaban baƙuwa. Ya nuna kwanon da haɓa.

“Uwarki ta ce ki ci.”

Ya juya ya fita.

Bai je ganin kayansa ba. Ya yi ta tafiya a gefen rumbuna, masu turin kaya na kauce masa, har ya isa wani ƙaramin masallaci na 'yan dako, ya zauna a inuwar barandarsa. Ransa ya ɓaci ƙwarai, ya kuma ji kunya, wadda ta fi ɓacin ran ciwo. Ya shirya maganganun da zai faɗa wa Balaraba a kan tarbiyyar 'ya'yan Abidjan, ya jera su ɗaya bayan ɗaya, masu kyau kuwa. Aka kira azahar ya yi salla, ya dawo ya zauna don ya ci gaba da fushinsa daga inda ya tsaya.

Sai dai fushin ya ƙi zama wuri ɗaya. Duk sanda ya kamo shi, sai tiren nan ya faɗo masa a rai. Ya ga irin wannan dabbaren sau dubu a ƙyallen mata. Launin da ke bin auduga ba launi ba ne, gari ne ya kwanta a sama. Kuma kafin hannunsa ya tafi ya ji ta ce wa Madam Akisi sai bayan awa biyu za ta tsamo. Awa biyu. Ya tuna yadda ruwan ke saurin juyawa, ya san ba zai yi ko rabin awa da rai ba a zafin ɗakin nan, ga kofi a buɗe, ga fanka na kaɗa warin yana tafiya. Yarinya tana can tana barin gilashi ya kwana a mataccen ruwa, kuma jibi Juma'a. Ya ce a ransa ba ruwansa, wadda ta iya bugun uba ai ta iya rininta. Ya ƙara minti biyar yana ba ruwansa, sannan ya nemi takalmansa.

Da ya shiga, kwanon na nan yadda ya ajiye shi. Afra'u na zaune ta haɗa kai da teburi, ga sababbin gilasai biyu a tiren, sun lalace kamar 'yan'uwansu. Ta miƙe zumbur za ta yi magana, ya ɗaga mata hannu.

“Ba wannan ya dawo da ni ba. Nuna mini ruwan da kika tsamo su.”

Ta nuna. Ya yi kauri ya gurɓace kamar kunun da ya huce, ga laka rawaya a gindin kofin. Alhaji ya zaro carbinsa, ya mayar da hannayensa biyu baya ya sarƙe su da shi, don ya san halinsu.

“Wa ya ce ki bar shi awa biyu?”

“Haka yake a takardar da nake bi. A jami'a ma haka na yi, ya yi kyau. Kauri nake so, in na cire da wuri ba ya kauri.”

“A jami'a da irin wannan murhun kike yi? Da wannan zafin?”

Ta girgiza kai. “A'a. Can akwai na'ura mai riƙe ɗumi daidai, da murfi, ɗakin kuma da sanyi.”

“To. Ruwan rini rai gare shi, Afra'u. Yana tasowa, ya nuna, ya mutu. Muddin kina hango gilashin ta cikinsa, launi yake ba ki. Da ya gurɓace, garin nan naki ya gama sakin abin da ke cikinsa, launin ya haɗu a ruwa maimakon a jikin gilashi, abin da ke sauka kuma datti ne. Ba marinin da ke samun baƙin shuni don ya bar zane ya kwana a karofi. Tsomawa ake a tsamo, a ɗauraye, a sake tsomawa. Rawanin da kike gani yana ƙyalli, sau nawa kike tsammani ya shiga ya fito?”

Afra'u ta buɗe baki za ta kawo hujja, ga alama hujjar ce ta juya ta goyi bayansa, don sai ta koma kallon lakar. Ta yi wata magana da Faransanci can ƙasa-ƙasa, ta jawo littafinta ta yi 'yan lissafe-lissafe.

“Sabon ruwa kowane tsomi,” ta ce a hankali. “Tiyuren zai isa. Amma Baba, in na cire a minti nawa?”

“Ni na san minti? Haɗa ruwan, ki rufe bakin kofin, ki kashe fankar nan. In ya yi zan gaya miki.”

Madam Akisi da kanta ta tashi ta kashe fankar, ta buɗe taga. Afra'u ta wanke sababbin gilasai biyu, ta haɗa ruwa, ta tsiyaya tiyure, ta kife wani faifan gilashi a bakin kofin. Alhaji ya sunkuya, hancinsa taƙi ɗaya daga kofin, sai da ta roƙe shi ya ɗan ja baya. Yana jan carbi ta baya, idonsa bai ƙifta ba. Ruwan ya yi haske, ya yi rawaya, rawayar ta nuna. Can wani ɗan hazo ya fara tasowa daga gindi, wanda in ba an nuna maka ba ba za ka gan shi ba.

“Tsamo.”

“Minti goma sha takwas kawai...”

“Tsamo, na ce.”

Ta tsamo da ɗan hantsaki, ta ɗauraye, ta ɗaga a taga. Da ƙyar ake ganin launin. Ta ɓata fuska, ta ce wannan ai ba komai a jikinsa.

“Goga audugarki.”

Ta goga. Audugar ta fito fara fat.

Daga nan ba ta ƙara musu ba, shi kuwa Alhaji sai abin ya motsa. Ya ce ɗaurayarta ta ragwaye ce, ta sake. Ya ce ta jingina gilashin a karkace don kada wani abu ya sauka a fuskarsa. Ya gaya wa Madam Akisi, da Faransancinsa na kasuwa, cewa ita ma murhunta yana cin gefe ɗaya, ta ce to, za ta duba. Tsomi na biyu launin ya fito. Na uku ya zauna. Bayan la'asar suka tsamo na huɗu, Afra'u ta ɗaga shi a hasken taga: rawaya ce mai zurfi, sumul daga sama har ƙasa, ana hango jiragen tasha ta cikinta. Ta goga, ta sake gogawa da ƙarfi. Sai ta zauna a kujerar da ta jawo masa tun safe, ta buɗe kwanon ta fara cin acaken da ya sandare, hawaye na zuba ba ta share ba.

Ranar Alhamis Alhaji bai buɗe shago ba, abin da ko ranar da aka sace masa buhu biyu bai yi ba. Balaraba ta tambaye shi ina za shi da sassafe haka da sabuwar riga, ya ce aiki gare su. Tare suka tsallaka gada da Afra'u, ba wanda ya ta da maganar jiya. Gilasai takwas suka tsoma don ko wani zai ƙi, yana tsaye da hannu a baya yana cewa tsamo, ita tana rubuta mintocin. Bakwai suka yi kyau. Na takwas ya ce laifinta ne, ta ce laifin murhu ne, suka bar shi a haka.

Ta zaɓi shida, ta sa kowanne a 'yar tasa ma'ajiya, ta jera su cikin wani ƙaramin akwatin roba da auduga, ta liƙe bakinsa. Madam Akisi ta so ta ɗaga akwatin ta gani, Afra'u ta yi wuf ta ce a yi haƙuri, ba mai taɓawa. Sannan ta cire safar hannunta ta wanke hannu, ta zo gaban ubanta ta durƙusa har ƙasa da farar rigarta. Madam Akisi ta tuna tana da aiki a waje.

“Baba, jiya na ɗaga hannu a kanka. Ban yi barci ba. Ka yafe mini.”

Alhaji ya daɗe yana kallon bayan hannunsa na dama, duk tabon soda da tsohuwar ƙuna. Jiya da ya tashi daga masallacin nan ya ɗauka rinin ne kawai ya dawo da shi. Yanzu da take durƙushe ya gane har da wani abu.

“Tun ina shekara bakwai nake tura hannun nan cikin toka da soda da abin da ban san sunansa ba,” ya ce. “Ubana na gani, ya ce haka ake koyo. Uwarki na gani, ta ce Allah ya kyauta. Ba wanda ya taɓa jin tsoron abin da zai same shi har ya manta ko ni wane ne, sai ke. Ciwo kam na ji. Tashi, Allah ya yi miki albarka.”

Ta tashi tana goge ido da hannun riga. Ta ce malamin na jiranta a gidansa kafin magariba, ta rataya jakarta, ta ɗauki akwatin da hannu biyu. Har ta kai bakin ƙofa sai ta tsaya, ta juyo, ta miƙa masa.

“Riƙe mana, Baba.”

Ya sa carbin a aljihu, ya goge tafukansa a jikin sabuwar rigar, ya karɓa. A cikin woro-woro ya ɗora shi a cinya ya tallafe, kuma tun daga tasha har suka hau gada bai bar direban ya wuce rami ɗaya da gudu ba.